Na taɓa kuɗin baiko, yanzu ko wa'azi ba ya ratsa ni

Tambaya

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin firamare ne, shekara shida ke nan nake riƙe da ma'ajin ikkilisiyarmu. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki naira 30,000 daga kuɗin baiko na biya kuɗin makarantar yara, da albashi ya shigo na mayar, ba wanda ya sani. Daga baya na ɗauka saboda taki, na sake ɗauka lokacin jana'izar surukina, daga nan na daina ƙirgawa. A ƙiyasina yanzu ya kai 450,000. Matata ta ga ambulan ɗin baiko a jakata. Sau uku tana yi mini magana, na ukun na daka mata tsawa, tun daga ranar ta ja bakinta. Akwai Lahadin da fasto ya yi wa'azi a kan Hananiya da Safiratu, har jikina ya ɗauki rawa, amma yanzu ko an yi irin wannan wa'azi ba na jin komai. Sau biyu na yi mafarki ina ƙirga kuɗi a majami'a, kowa ya juyo yana kallona. Ɗanmu na ƙarshe, mai shekara huɗu, wata uku ke nan zazzaɓi yana tafiya yana dawo masa. Wani mai gidan addu'a ya ce maƙiyi ne daga dangin mahaifina, in kawo 50,000 in kuma yi azumin kwana bakwai. Na yi azumin ina roƙon Allah ya nuna mini alama, shiru. Masu binciken kuɗi za su zo nan da mako bakwai. Ciwon ɗana hukunci ne? Allah ya taurare zuciyata ne kamar ta Fir'auna? In na sami kuɗin na zuba a akwatin baiko a ɓoye, ya isa?

Amsa

Ɗan'uwa, salama a gare ka. Mu fara da yaron, domin shi ne bai ci ba bai sha ba, kuma shi ne maganarsa ba ta jiran mako bakwai. Gobe da safe a kai shi asibiti. Zazzaɓin da ke dawowa wata uku yana bukatar gwajin jini kafin a ba da kowane magani: a duba maleriya, a duba yawan jininsa, in ba a taɓa yi masa gwajin sikila ba a yi. Ku tafi da kwalayen magungunan da aka riga aka ba shi, ku faɗa wa likita gaskiya ko ya shanye su ko an tsaya a hanya da jiki ya yi sanyi, don wannan na cikin abubuwan da ke sa zazzaɓi ya dawo. In ya fara jijjiga, ko ya kasa shan ruwa, ko yana amar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko barcinsa ya wuce misali, kada ku jira gari ya waye.

Ko ciwon hukunci ne? Littafi Mai Tsarki bai ce babu wata alaƙa tsakanin zunubi da ciwo ba, 1 Korantiyawa 11:30 tana nan. Mun kuma san abin da ke cin ranka, wato ɗan da Batsheba ta haifa wa Dawuda, wanda ya yi ciwo ya mutu saboda zunubin Dawuda. To amma a can annabi Natan ne ya faɗa da bakinsa, a kan wannan yaron kaɗai, ba a kuwa mai da shi ƙa'ida ba. Da almajirai suka yi wa Yesu irin tambayarka a kan mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba kuwa iyayensa ba (Yohanna 9:1-3, wasu juyi suna kiran littafin Yahaya). Da aka zo kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, bai yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ezekiyel 18:20 kuma ta ce ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin mahaifinsa ba. Saboda haka ba mu da iko, kai ma ba ka da shi, mai gidan addu'ar nan ma ba shi da shi, na cewa zazzaɓin nan bulala ce. Kada ka ɗaura tubarka a kan ma'aunin zafin jikin yaro. In ka yi haka, ranar da ya warke za ka ce an yafe, ka koma barci. Ranar da jikin ya tashi kuma ka ce Allah mugu ne.

Yanzu ga maganar alama. Ka ce ka yi azumi kwana bakwai, Allah ya yi shiru. Ɗan'uwa, sake karanta wasiƙarka ka ƙirga. Wa'azi ɗaya da ya sa ka rawar jiki, matarka sau uku, mafarki sau biyu, ga lamirinka da ya sa ka zauna ka rubuto mana, ga kuma dokar nan ta kada ka yi sata da ka haddace tun kana ajin Lahadi. Wanda aka yi wa magana sau bakwai a cikin shekara biyu ba zai ce an yi masa shiru ba. Abin da kake jira wata magana ce dabam, wadda za ta fi ta farko sauƙi.

Akwai wanda ya riga ka yin haka. A Littafin Ƙidaya sura 22, Balak sarkin Mowab ya aika a kira Bal'amu ya la'anta Isra'ila. Allah ya ba shi amsa sarai a aya 12: kada ka tafi da su. Balak ya sake aiko da manyan da suka fi na farko, da alkawarin girma mai yawa. Bal'amu ya yi magana mai daɗin ji, ya ce ko gida cike da azurfa da zinariya aka ba shi ba zai ƙetare umarnin Ubangiji ba, sannan a aya 19 ya ce su kwana tukuna, ya ji ko Ubangiji zai ƙara faɗa masa wani abu. Me ya rage a faɗa? Amsar ba ta sake ba, farashi ne ya ƙaru. Daga nan makantar ta fara. A hanya mala'ika ya tsaya da takobi zare, dabbar da yake hawa ta gani, shi mai ganin wahayi bai gani ba. Ta ratse cikin gona, ya doke ta. Ta matse ƙafarsa da bango a wata siririyar hanya tsakanin gonakin inabi, ya doke ta. A wurin da babu damar kaucewa dama ko hagu ta kwanta, ya sake dukanta da sanda. Lura da yadda hanyar take ƙara matsewa kowane karo. Ba mu kwatanta matarka da jaki ba, kada ka je ka ce mata mu muka faɗa, amma a gidanka ma wadda ta ga abin da ke gabanka ita ce ta sha tsawa.

Haka makantar ruhu take shiga, a hankali, kamar yanar ido. Mai yanar ido ba ya cewa idona ya lalace, cewa yake hazo ya yi yawa bana, ko fitilar ce ba ta da haske. Matakan a wasiƙarka suke. Na farko sake wa abu suna: ka kira shi aro, alhali aro sai da sanin mai kaya. 30,000 ɗin farko da ka mayar ita ce ta fi yi maka ɓarna, domin ta koya maka cewa ana iya yi a tsira. Sai ka daina ƙirgawa, wanda kuwa ya daina ƙirgawa ya zaɓi kada ya gani ne. Sai ka rufe bakin mai faɗa maka gaskiya. Sai ka je neman wata murya a waje. A ƙarshe ka ƙara ibada a kan abin da aka binne, wato azumin nan. Ibraniyawa 3:13 ta kira wannan da sunansa, ta ce zunubi yana taurare mutum ta hanyar yaudara. Rashin jin komai da kake kuka da shi ba abin mamaki ba ne. Tafin hannun manomi da ya saba da ƙotar fartanya ba ya jin zafinta kuma. Lamirin da aka ji ƙararsa aka share, aka sake ji aka share, kanta yake yi.

Game da azumin, ka duba 1 Sama'ila 15. An umarci Saul ya hallaka Amalekawa da dukan abin da suke da shi. Ya bar Agag sarkinsu da rai, ya ware tumaki da shanu masu kyau, sannan ya tari Sama'ila da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya tambaye shi, to wannan kukan tumaki da nake ji fa? Ya ce ai don hadaya aka kawo su. A nan ne aka faɗa masa cewa biyayya ta fi hadaya. Azumi abu ne mai kyau, amma azumin da ake yi da ambulan ɗin baiko a cikin jaka hadayar Saul ce.

Mafarkin ba sai ka nemi mai fassara ba. Mai Hadishi 5:3 ta ce yawan damuwa kan kawo mafarki, Ayuba 33:14-18 kuma ta ce Allah yakan yi magana cikin mafarki don ya juyo da mutum daga abin da yake yi. Ko wanne ne naka, saƙon ɗaya ne, kuma bai ƙara komai a kan abin da ka sani ido biyu ba.

Shi kuwa mai gidan addu'a, kada ka ba shi ko sisi. Ga yadda ake gane gargaɗin Allah. Yana kiran laifin da sunansa, yana nuna mai laifin, yana buɗe ƙofar komowa, kuma ba ya karɓar kuɗi. Natan ya dubi Dawuda ya ce masa kai ne mutumin. Elisha ya ƙi karɓar komai daga hannun Na'aman, baransa Gehazi da ya bi bayan kayan shi ya kwashi kuturta. Mika 3:11 ta yi tir da annabawan da ke duba don kuɗi. Mutumin da ka je wurinsa ya ɗauke idonka daga jakarka ya kai shi kan dangin mahaifinka, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Da ka bi shi, da ka ƙara gaba da 'yan'uwa a kan sata. Kuma mu tambaye ka, 50,000 ɗin daga ina za ta fito? Mun san amsar, kai ma ka sani.

Sai tambayarka ta Fir'auna. Ka karanta Fitowa daga sura 7 zuwa 10 da fensir a hannu. Allah ya faɗa wa Musa tun farko cewa zai taurare zuciyar Fir'auna, gaskiya ne. Amma a cikin annoba biyar na farko, abin da aka rubuta shi ne zuciyarsa ta taurare, ko shi da kansa ya taurare ta. Sai a ta shida, ta marurai, aka fara cewa Ubangiji ya taurare ta (9:12). Ka kuma lura da lokacin da yake taurarewa: da ya ga sauƙi ya samu bayan kwaɗi sun mutu (8:15), da ya ga ƙanƙara da tsawa sun tsaya (9:34). Har fādawansa suka tambaye shi ko bai sani ba tukuna cewa Masar ta lalace. Wanda aka sallama wa taurin zuciyarsa ba ya kwana yana juyi, ba ya rubuta wasiƙa yana tambaya ko an rufe masa ƙofa. Tsoron da kake ji shaida ce cewa ana kan kiranka. Amma kada ka mai da wannan matashin kai. Karin Magana 29:1 ta ce wanda ake ta tsawata wa yana taurare wuya, farat ɗaya za a karya shi, ba kuwa magani. Fir'auna ma sau biyu ya ce na yi zunubi. Bal'amu ya faɗa, Saul ya faɗa, Yahuza Iskariyoti ya faɗa, shi ma ma'aji ne, Yohanna 12:6 ta ce yakan ɗiba daga jakar da ke hannunsa. Kalmar ba ta da tsada. Abin da ya biyo bayanta ne ya raba su da Dawuda.

Wannan ya kawo mu kan zuba kuɗi a akwati a ɓoye. Bai isa ba, kuma ko ta fuskar lissafi ba zai yi aiki ba. Kuɗin da ya faɗa akwati ranar Lahadi za a rubuta shi a matsayin baikon wannan Lahadin. Ramin da ke cikin littattafan baya yana nan yadda yake, sai dai an ƙara masa wata Lahadi mai kuɗin da ba a san dalilinsa ba, abin da mai bincike zai fara tsayawa a kai ke nan. Ta fuskar ruhu kuwa, laifinka biyu ne, kuɗi da ƙarya. Duk rahoton da ka karanta a gaban dattawa cikin shekara biyun nan ƙarya ce. Hananiya da Safiratu ba don sun rage kuɗi suka mutu ba, Bitrus ya ce ai gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Don ƙarya ne. Bayan Saul ya ce na yi zunubi, sai ya ƙara da roƙon Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan jama'arsa (15:30). Mayarwa a ɓoye wannan roƙon ne: a gyara, amma kada sunana ya taɓu. Karin Magana 28:13 ta haɗa abu biyu, furtawa da rabuwa da laifin, sannan jinƙai.

Ga yadda za ka bi da shi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Yau da dare, matarka. Ka ba ta haƙuri a kan tsawar, ka faɗa mata adadin, ka faɗa mata abin da za ka yi. Kada ta ji daga bakin matan zumunta. Kuɗin da za a biya daga tukunyarta zai fita, kunyar ma tare za ku sha, tana da haƙƙin sani kafin kowa. Daga yau kuma kuɗin ikkilisiya ba ya kwana a gidanka, ko na dare ɗaya.

Cikin kwana uku, lissafi. Kalmar nan "a ƙiyasina" ita ce za ta kashe ka a gaban dattawa. Kusan kullum wanda ya daina ƙirgawa yakan ƙiyasta ƙasa da gaskiya, in ka ce 450,000 masu bincike suka gano 520,000, ba wanda zai ƙara yarda da sauran maganarka, za a ɗauka ka furta rabi ne ka ɓoye rabi. Ka ɗauko littafin da ake rubuta baiko, da takardun shaidar ajiya na banki, da bayanin asusu na wata 24 ɗin nan, da dukan rasit. Ka ja layi biyar a takarda: kwanan wata, abin da aka ƙirga, abin da ya shiga banki, abin da aka kashe mai rasit, da bambanci. Ka bi Lahadi bayan Lahadi, kada ka manta da baikon godiyar kaka, da na Kirsimeti da Ista, da kuɗin gini, da duk wanda wani ya damƙa maka a hannu a bakin ƙofa ba a rubuta ba. Inda ka yi shakka, ka lissafa a kanka. Abin da ka kashe wa ikkilisiya da gaske amma ba rasit, ka ware shi a shafi dabam, ka bar dattawa su yanke. Kada ka gyara ko lamba ɗaya a tsohon littafi, kada ka yage shafi, kada ka nemi wani mai shago ya rubuta maka rasit na baya. Wannan ne ke mai da mai rauni ɗan damfara, kuma cin amana laifi ne da dokar ƙasa take hukuntawa, ba maganar coci kaɗai ba ce.

Kafin Lahadi mai zuwa, fasto da dattijo ɗaya. Mutum biyu, ba ɗaya ba. Nassi ya ce a tabbatar da magana ta bakin shaidu biyu ko uku, kuma hakan kariya ce gare ka da faston, don kada gobe a ce kun haɗa baki kun rufe. Ka zaɓi dattijon da aka sani da riƙe sirri, ba abokinka ba. Ka je da takardar lissafin, da littattafan, da makullai, da littafin cak in akwai, ka miƙa su a wurin, ka roƙa a cire sa hannunka daga asusun. Kada ka miƙe tsakiyar sujada ka yi furci a matsayin shaida. Yana kama da jaruntaka, amma yana jefa ikkilisiya cikin ruɗani, yana kunyata iyalinka ba shiri, yana kuma ƙwace wa dattawa aikinsu na yanke yadda za a sanar. Kada kuma ka rubuta takardar murabus ka ce aiki ya yi maka yawa ka sulale.

Dalilin gaggawar yana cikin Yoshuwa 7. An sanar tun da yamma cewa gobe da safe za a gabato kabila kabila. Mutumin nan Akan, wanda ya saci kayan da aka haramta a Yariko, yana da dare guda cur, da rigar Babila da shekel 200 na azurfa da sandar zinariya binne a cikin alfarwarsa. Da safe aka ware kabilar Yahuza, bai yi magana ba. Aka ware dangin Zera, shiru. Aka ware gidan Zabdi, shiru. Sai da aka nuna shi da yatsa ya ce na yi zunubi. Furcin da aka yi kafin bincike tuba ne, wanda aka yi bayan an kama mutum kuwa ba mai iya bambanta shi da tsoro, har shi mai furcin. Mako bakwai ɗin nan naka ne, kada ka cinye shida kana neman kuɗi tukuna. Furci ba ya jiran kuɗi.

Sai biya. Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi maganar wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya: ya mayar da shi cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Ka ga jerin, mayarwa tana gaba da bagade, daidai da abin da Yesu ya faɗa a Matiyu 5:23-24. Zakka na Yariko da kansa ya ɗauki ninki huɗu. Mu Kirista ba a ɗora mana kashi ɗaya cikin biyar ɗin a matsayin doka ba, jinin Almasihu ne ke wanke laifi, ba ƙarin kuɗi ba. Amma ma'auni ne mai kyau, musamman da yake abin da 450,000 za ta saya shekara biyu da suka wuce ba za ta saya yau ba. In adadin ya tsaya a 450,000, kashi ɗaya cikin biyar 90,000 ne, jimla 540,000. A 30,000 kowane wata, uwar kuɗin za ta ƙare a wata 15, duka kuma a wata 18. Ka kawo wannan a matsayin tayi, dattawa su karɓa ko su yafe ƙarin. In kana da abin sayarwa, buhunan hatsi ko akuya ko babur da ba da shi kake zuwa aiki ba, ka sayar ka fara da kaso mai kauri, yana nuna da gaske kake. Kada ka yi alkawarin abin da albashinka ba zai ɗauka ba don ka burge su, 20,000 da ba ta fashi ta fi 60,000 da za ta tsaya a wata na uku. A rubuta yarjejeniya, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kowane biya ya bi ta banki zuwa asusun ikkilisiya, ka ajiye shaidarsa. Abu ɗaya da muke roƙonka: kada ka ci bashi mai ruwa, ko na manhajojin waya ko na mai ba da kuɗi a unguwa, don ka cike ramin kafin masu bincike su zo. Za ka fita daga rami ka faɗa rijiya, ƙaryar kuma tana nan.

Ka shirya wa horo. Kowace ɗarika tana da tsarinta, ko ECWA ce ko COCIN ko HEKAN ko EYN ko Baptis, amma ka sa ran za a sauke ka daga muƙami, mai yiwuwa a dakatar da kai daga Jibin Ubangiji na wani lokaci, mai yiwuwa kuma a sanar wa jama'a. Kafin ka ga fasto ma, kada ka miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙon, 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa tukuna. Kada ka yi ciniki a kan horon, kada ka yi fushi ka koma wata ikkilisiya inda ba a san ka ba, don can za ka tafi da makantar ka bar maganin a baya. Ka ci gaba da zuwa sujada ko a bencin baya aka ajiye ka. Za a yi gulma, wasu da kuke gaisawa za su ɗauke kai, yaranka ma za su ji a bakin sa'o'insu, gara ku faɗa wa manyan cikinsu da kanku, a taƙaice. Nassi bai bar dattawa haka ba su ma: Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, 2 Korantiyawa 2:6-8 kuma ta ce in horo ya isa a yafe, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Akwai maganar da za ta zo bakinka a gaban dattawa, ka haɗiye ta. Ita ce cewa su ma da laifinsu, sun bar mutum ɗaya da ƙirga da ajiya da rubutu shekara shida ba mai dubawa. Gaskiya ce, in ɓera da sata daddawa ma da wari. A zamanin sarki Yowash, akwatin da Yehoyada firist ya huda ya ajiye kusa da bagade, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirga kuɗinsa tare (2 Sarakuna 12:9-10). Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Mutum biyu ko uku su ƙirga su sa hannu, a kai banki ranar Litinin, mai ƙirga dabam mai rubutu dabam, a karanta rahoto kowane wata tare da bayanin banki. Amma ba ranar furcinka ce ranar wannan darasi ba, kuma ba daga bakinka zai fara fita ba. In an tambaye ka daga baya ta ina ɓarakar take, ka nuna musu dalla-dalla, ba wanda ya fi ka sani.

Kada ka jira sai hawaye sun zo, ko sai ka ji wani abu ya motsa a ƙirjinka, kafin ka tashi. Makahon Yohanna 9 da aka shafa wa taɓo a ido aka ce ya je ya wanke a tafkin Siluwam, da makantarsa ya yi tafiyar, a dawowa ne yake gani. Kutare goma na Luka 17 suna cikin tafiya zuwa wurin firistoci suka tsarkaka. Dawuda ya ce a Zabura 32 lokacin da ya yi shiru ƙasusuwansa sun lalace, sauƙin ya zo ne bayan ya furta. Mai yiwuwa ka fito daga ofishin fasto ka ji kamar an sauke maka dutse, mai yiwuwa kuma ka ji kunya kawai har tsawon watanni. Ko wanne ya zo, gafarar tana tsaye a kan alkawarin 1 Yohanna 1:9, ba a kan abin da kake ji ba. Ka riƙa karanta Zabura 32 da 51 da safe, da murya, tare da matarka in ta yarda.

In ka zauna a gabansu, kada ka fara da kuɗin makaranta ko taki ko jana'iza, za su tambaya da kansu in suna so. Ka ajiye takardar a kan tebur ka ce: Baba, na ɗauki kuɗin ikkilisiya ba da izini ba har tsawon shekara biyu, na kuma ba ku rahoton ƙarya. Ga adadin, ga littattafan, ga makullai. Sannan ka yi shiru ka bar su su yi magana.